Madam Saratu da Ƙwallon Mangwaro

Duk wanda ya taɓa shan mangwaro a gaban Madam Saratu ya san inda zan fara. Ba ta roƙo, ba ta cewa uffan. Tsayawa take kusa da mutum, rataye da tsohuwar jakar nan tata, tana kallon bakinsa har ya gama ya miƙa mata ƙwallon. Sai ta karɓa ta jujjuya, wani lokacin ma ta ce ba a tsotse da kyau ba.

Ni Hadiza, shekaru muka yi da ita muna koyarwa a firamaren unguwarmu ta Magajiya, teburinmu ɗaya a ofishin malamai. Daga kudancin Kaduna ta zo Suleja tun tana budurwa, ita ke koya wa 'yan aji biyar kimiyya. Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa daina yi mini kallon ɗaliba ba.

Wata rana wani babban jami'in ilimi ya zo duba makaranta, hedimasta ya sa aka wanko masa mangwaro. Yana cikin sha ya ɗaga kai ya ga mace tsaye a kansa. Ya tambaya ko akwai matsala, ta ce babu, ranka ya daɗe, ci gaba. Bawan Allah ya ƙarasa a tsarge, ruwa na bin gwiwar hannunsa. Tun daga ranar biskit ake ba baƙi a makarantarmu.

Ƙwallayen nan ba ajiye su take ba. Yara ke tsinto mata ledar fiya wata a hanya, su cika da ƙasa da taki, su shuka a bayan aji. Ta ce zafin garin nan ƙaruwa yake, damina ta daina zuwa yadda aka saba, kuma manya sun riga sun toshe kunne, saboda haka gara ta fara da waɗanda kunnensu bai tsufa ba.

Ranar da za ta koyar da sauyin yanayi, ana tsakiyar zafin bazara, ta aiko a kira ni wai in taimaka mata. Na je da alli a hannu. Ta zaunar da ni a gaban aji, ta lulluɓa mini bargo. Ta ce wa yara ni ce duniya, bargon kuma hayaƙin motoci ne. Ta ƙara wani, ta ce hayaƙin janareto ke nan. Na ukun na ledar da iyayensu ke ƙonawa a ƙofar gida ne. Ina ciki gumi na tsiyaya, ina jin ta tana tambaya a natse, me ya kamata a yi wa Malama Hadiza?

Wani yaro daga baya ya ce, “A ƙara mata ɗaya.”

Madam ta ce, “Ku tafa masa. Abin da manyanku ke yi ke nan.”

Sai da aka gama tafin tas aka tuna da ni.

Kowane tsiro da sunan yaron da ya shuka shi take kiransa, kuma ba da wasa ba. To, akwai Alhaji Sule mai shagon siminti, maƙwabcin makaranta, yana da wata akuya da ba ta san katanga ba. Wata Litinin muka tarar ta yi ɓarna. Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta jera 'yan aji, suka taka har shagon, ni ma na bi don kada a ce ba shaida. Ta gaida shi, ta tambayi iyali da kasuwa, sannan ta ce, “Alhaji, akuyarka ta cinye Maryam da Emmanuel. Bilkisu kuma ta cire mata kai.”

Bilkisu 'yarsa ce ta cikinsa. Alhaji ya miƙe yana salati, sai da ya hango yarinyar a layi, da kanta a wuyanta, tana kuka, sannan ya koma ya zauna. Da ya gane zancen ya ce a faɗi abin da zai biya. Madam ta ce shi ai bai ci komai ba, wadda ta ci ita za ta biya, ta hanyar da ta iya. Har ƙarshen zangon nan, duk safiya Bilkisu na zuwa makaranta da kashin akuya a leda. Alhaji kuwa da kansa ya kawo guntayen bulo aka kewaye wurin, yana ta mita wai bai taɓa ganin an ci akuya tara ba sai a Suleja.

Wanda ba na mantawa shi ne na magudanar ruwa. Kun san babbar kwatar da ta bi ta bayan makaranta ta wuce layin masu shaguna. Leda da robobi sun toshe ta, har wata damina ruwa ya shiga gidajen da ke gangare. Yaranmu da yawa suka zo da littattafai jiƙaƙƙu, wata yarinya ma iyayenta suka kwashe suka koma Garam wajen dangi, ba ta dawo ba. Wannan ya tsaya wa Madam a rai. Ta bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya a kan a yashe kwatar kafin wata daminar, kowa ya ce aikin gwamnati ne.

Sai ta nemi izinin iyaye, ta fito da yara ranar Asabar. Na ɗauka shebur za ta raba musu, har na fara faɗa. Ta ce ita mahaukaciya ce da za ta sa 'ya'yan mutane cikin ƙazanta? Aikinsu kallo ne kawai. Ta jera su a bakin kwata, hannu a baya, suna fuskantar shaguna. Ita kaɗai ta ɗaura zani a kan siket, ta shiga da shebur, mace mai jika.

Duk wanda ya ɗaga ido, yaran su gaida shi da ladabi, su ci gaba da kallonsa. Mai shayi ne ya fara karaya ya shiga kwatar, don ɗansa na layin gaba. Mai aski ya biyo. Wani ma'aikacin Abuja da ya fito sayen burodi da farar shadda ya tambaya me ake kallo, wata yarinya ta ce, “Kai, Baba.” Ya koma gida ya canjo kaya. Kafin azahar Madam na zaune a benci tana nuna wa maza inda suka tsallake. Daminar nan ruwa ya bi hanyarsa ya wuce, kuma har yau idan hadari ya fara haɗuwa za ka ji masu shaguna na cewa a yashe kafin a kawo 'yan kallo.

Ciwonta bai ja dogon lokaci ba. Da na je duba ta a asibiti na kasa riƙe hawaye. Ta dube ni ta tambaya wa na bar wa ajina. Na ce hedimasta ya ba ni izini. Ta ce shi ma ba shi da aikin yi. Daga nan ta kama hannuna, ta riƙe, ba ta sake ba har na tashi tafiya.

Ba a daɗe ba ta rasu. Ranar da za a kai gawarta gida, hanyar cocinsu ta cika da yara, masu hijabi da marasa shi, da samarin da suka bar hannunta tuntuni. Ni da ita ba alƙiblarmu ɗaya ba, amma ban taɓa zama da mai tsoron haƙƙin yaro kamarta ba. Allah ya dubi abin da ta yi wa 'ya'yan mutane, ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, ya raya yaran da ta koyar. Mu kuma da ta bari, Allah ya sa mu cika da kyau.