Malam Na-Baya Ya Miƙa Makulli

Duk wanda ya san tsohon nan ya san kekensa. Da sassafe, tun mai shara bai gama da farfajiya ba, zai jingine shi a gindin tagar ɗakin kiɗa, ya goge ganguna, ya bi bakin tsohuwar fiyano yana dannawa don ya ji wanda ya kwana da mura. Sai ya koyar da azuzuwansa. Da ya sami sarari kuma ya haye keke, ya nufi wata makarantar, ya yi sallama a ajin wani malamin waƙa, ya wuce can bencin ƙarshe ya naɗe dogayen ƙafafunsa. Daga nan ya sami sunan Malam Na-Baya. Ba wanda ya aike shi, shi ya sa ma aka daɗe ba a yarda da shi ba.

Makon nan ya yi ritaya. Cikin waɗanda suka zarge shi kuwa, babu kamar wadda ake kira Ƙaramar Malama.

A wata makarantar aka ɗauke ta aikin gwaji, na zango ɗaya. Hedimasta bai ɓoye mata ba: ƙarshen zango zai shigo ya saurari ajinta, in waƙa ta yi ta zauna, in ba ta yi ba ta kama gabanta. Ita kuwa tana da dabarar da ta gada a wurin malamanta. Duk yaron da muryarsa ke kauce wa ta sauran, sai ta mayar da shi layin baya ta ce, “Ku motsa baki kawai, kar in ji sauti.” Waƙa ta fito tas, kowa ya huta.

Sai ga tsoho ya fara zuwa, yana zama a tsakiyar masu motsa bakin nan. Ta kai ƙara wurin yayarta.

“Ke dai ba ki da wayo,” in ji yayar. “Ruwa ba ya tsami banza. Ko hedimasta ne ya sa shi leƙen asiri, ko yana da ’yar da yake nema wa gurbinki.”

Washegari Ƙaramar Malama ta hango tsohon yana fitowa daga ofishin hedimasta, suna ta dariya. Lallai biri ya yi kama da mutum! Ta tare shi a bakin keke.

“Baba, don girman Allah, in turo ka aka yi ka faɗa mini.”

“’Yata, wa zai turo tsoho a kan wannan akwalar? Ki zo ɗakin kiɗan makarantarmu ranar Asabar. Malaman waƙa ne muke haɗuwa muna ƙara wa juna sani.”

“Ni na gama karatuna, Baba.”

“Madalla. Ni da sauran nawa.”

Ta je, amma gano lauje cikin naɗi ya kai ta. Ta tarar da malamai, wasu da furfura, sun matsu a bencin yara. Wannan ya kawo sabuwar waƙa, waccan ta nuna yadda take koyar da numfashi, ana gyara wa juna ana tsokana. Da aka tashi rerawa, Malam Na-Baya ya dube ta.

“Ke, koma baya. Motsa baki kawai, kar in ji sauti.”

Ita da tun tana ƙarama ake sa ta ba da waƙa wasu su amsa! Ta tsaya tana buɗe baki tana rufewa kamar kifi. Waƙar ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye. Ba wanda ya waiwayo. Tun tana jin haushi har ta koma jin kunya, kafin a gama hawaye sun cika mata ido.

“Me na yi maka, Baba?”

“Yaya kika ji?”

“Kamar ba na cikin ɗakin.”

“Haka na tsaya duk firamare, ’yata. Sai da gemu ya fito mini na san ina da murya.”

Ya ja ta gaban fiyano. Ya ce kar ta janyo yaro zuwa sautin fiyano, ta bar shi ya fitar da nasa, ita ta nemo shi a kan fiyano, daga nan su hau tare kaɗan-kaɗan. Ya nuna wani matashin malami ya ce a wurinsa ya koya, bara-baran nan.

Yayarta da ta ji sai ta tafa hannu. “Tarko ne! So yake ki saki kwaɗin nan su yi kuka a gaban hedimasta.” Duk da haka Ƙaramar Malama ta riƙa tsayar da ’yan layin baya lokacin hutun tara tana gwadawa. Wasu suka kama, wasu kam sai addu’a.

Ranar saurare hedimasta ya shigo, tsoho na biye. Maimakon hedimasta ya tsaya a gaba yadda ya saba, sai ya wuce bencin ƙarshe ya zauna. Malama ta dubi yaran baya, sun riga sun shirya leɓɓansu don aikin da suka saba.

“Yau kowa zai buɗe murya,” ta ce.

Kar in yi muku ƙarya, waƙar ba ta fito tas ba. Akwai muryar da ta bi tata hanyar har ƙarshe. Hedimasta ya tashi yana sosa kunne.

“Da sauran gyara, Malama. Amma tun farkon zango tsohon nan ya hana ni sakat, wai in zauna a baya in saurara, ya ce yarinyar nan za ta iya. Da shiru na ji a nan, da yau mun yi sallama. Sai mun gan ki zango mai zuwa.”

Har yau in an tuna wa Ƙaramar Malama, cewa take, “Tarko ne dai!” Sai ta share ido.

Malam, kai ne ka nuna mana gemu ba ya hana ilimi. Kai ne ka haɗiye harara da gulma, ka ci gaba da taka keke zuwa azuzuwan da ba a gayyace ka ba. Na-Baya mai tura na gaba! Mun gode, kuma muna neman afuwa kan abin da muka raya a zuci. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin jin daɗi.

Makullin ɗakin Asabar yanzu yana hannun Ƙaramar Malama. Shekaranjiya ta shiga ajin wani sabon malami ta zauna a bencin ƙarshe, shi kuma ya yi ta satar kallonta, har ya matso ya ce, “Malama, wa ya turo ki?”

To, malaman waƙa, ku yi koyi. In an shigo an zauna muku a baya, ku yi zarginku son ranku. Amma ranar Asabar ku je.