Malam Shitu Mai Tsintar Kwalaben Guba

Ana tsakiyar gayya a wata gonar auduga kusa da Bakori, Raudatu ta yanke jiki ta faɗi, kumfa na fita ta bakinta. Mata suka ɗau salati, wasu na cewa iskokai ne. Malam Shitu, tsohon mai feshi da ke shiga kowace gayya ko ba a kira shi ba, jarkar kunun da ake sha ya fizga ya shinshina. Ta maganin ƙwari ce, an ɗauraye ta da toka an ce ta wanku. Ya kifar da kunun, ya ɗora Raudatu a babur sai asibiti a Funtua. Ta rayu. Cikin da take ɗauke da shi ya zube.

Aikinsa ke nan tun da feshi ya bar shi da rawar hannu da ido ɗaya. Hantsi na yi zai rataya buhu ya bi kunya-kunya yana tsintar kwalaben maganin feshi da aka yar, ranar kasuwar Danja ya baje su a tabarma kamar haja. Dillalan magani na ta yi masa tsiya, wai ɗan gwangwan ya zo.

Obioma, mai shagon waya, haifaffiyar Malumfashi, ita ta bincika a intanet ta ce, "Baba, ƙasar da ke haɗa wannan maganin ta haramta wa manomanta taɓa shi."

"Wato su ba sa sha, mu ake dama wa?" in ji shi.

Daga nan ya kafa sharaɗi: duk mai son gayya ya zo da fartanya da kwalba. Obioma ta riƙa fassara maganarsa tana turawa ta intanet, har amsa ta zo daga manoman auduga na Burkina da Indiya, da hotunan hannuwa irin nasa. Suka tsayar da rana guda, kowa a ƙasarsa ya jibge kwalabe a ƙofar wakilin kamfanin da ke haɗa maganin. Shitu ya sha kulkin 'yan sanda, amma maganin ya ɓace daga kasuwanninmu.

Wa aka kira ƙasar waje karɓar lambar yabo? Wani Abdussamad, shugaban wata ƙungiya a Abuja, wanda ya zo sau ɗaya ya ƙi sauka daga mota saboda caɓi. Hoton hannun Shitu aka rataye a zauren taron, ba suna a ƙasa.

Kai ne wannan hannun, Malam. Kai ne dodon dillalai, wanda ya ɗinke gayyar ƙauye da ta duniya da wayar aro. Yanzu gwiwa ta ƙi, ka ajiye buhu, ba wanda ya ɗauka. Mun gode, Allah Ya saka maka, tunda mu mun kasa. Masu ƙafa, buhun nan na jiran ku.

Ran da aka taru a ƙofar gidansa ana yi masa wannan addu'a, ba a shafa fatiha ba wata farar mota ta tsaya, kwalaye cike da bayanta. Wani baƙo ya fito yana murmushi, ya ce sabon magani ya kawo, gwajin farko kyauta, mai gari ma ya amince. Ya ƙare wa jama'a kallo.

"Wane ne Malam Shitu a cikinku?"