Ƙanwar Kakan Madam

Ina shekara ta uku a jami'a a Alƙahira na samu aikin koya wa wata tsohuwar Baturiyar Ingila Larabci a unguwar Zamalek. Mijinta Bamisre ne, ya rasu, ita kuma ta ƙi komawa ƙasarsu. Ta ce ba ta da kowa a can.

Larabcin bai yi nisa ba. Wata Asabar na zo daga unguwarmu ta Hay el-Sabi' na tarar ta ƙura wa kwamfuta ido.

Ta ce, "Zo ki taya ni, idona ya gaji. Dangina nake nema."

Tsofaffin takardun ƙidayar jama'a ne na ƙauyensu, an ɗauki hotonsu an sa a intanet. Ni ke karantawa, ita ke rubutawa. Gida bayan gida, daga leburan gona sai makiyayin tumaki sai 'yar aikatau. Ban taɓa kawo wa raina Bature duƙe a gonar wani ba.

"Madam, ashe ku ma manoma ne?"

Ta yi dariya. "Gonar ma ba tamu ba ce."

Kakanta yana da ƙanwa. A wata ƙidayar mun gan ta tana yarinya, a ta gaba babu ita. Madam ta ce, "Khalas, ta mutu ke nan. Yara ba sa daɗewa a lokacin." Ranar ko shayinta ba ta shanye ba.

Duk da haka muka koma kan rajistar aure ta coci-cocin ƙauyukan da ke kusa. Mun sha wuya kafin muka same ta. Maƙeri ta aura, ta ɗauki sunan mijinta kamar yadda suke yi, shi ya sa ta ɓace mana. Ba ta iya rubutu ba, inda za ta sa hannu alama kawai ta yi. Madam ta ɗora yatsa a kan alamar.

Da sabon sunan muka bi 'ya'ya da jikoki, har muka dace da wani dattijo cikin jikokinta, tsohon direban bas. Madam ta tura masa saƙo, ya amsa. Ranar da ya kira ta bidiyo ni na riƙe mata wayar. Jikokinsa suna ta leƙowa suna ɗaga mata hannu.

Da bazara na raka ta filin jirgi za ta Ingila, da akwati cike da dabino. Hoton farko da ta turo mini, tana tsaye a tsakiyarsu, kusan dukkansu hancinsu irin nata.