Goyon da Aka Hana Abdulwahid

Duk wanda ya nemi abinci a minar Jidda, wato tashar jiragen ruwa, a shekarun da alhazai ke komawa gida ta teku, ya san Abdulwahid Mai Goyo. Ni shekara ashirin da biyu na yi ina ɗinke buhuna da ɗaure akwatunan matafiya a bakin ƙofar tashar, rumfata na kallon tsanin jirage, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. In aka ji muryata na tashi a yi mini uzuri, har yau abin bai fita raina ba.

A Hindawiyya aka haife shi, zamanin da unguwar rabinta bukkoki ne na gwangwani da katako. Iyayensa daga ƙasar Katagum suka taso a ƙafa da niyyar hajji, suka yi shekara bakwai a hanya suna tsintar auduga a Sudan kafin su tsallako. Uban ya rasu Abdulwahid na rarrafe, bai bar gida ba, bai bar takarda ba. Uwar, Inna A'i, da wankau da dakau da tallar soyayyar gyaɗa ta rene shi. Ya tashi dogo, mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, Hausarsa rabi Larabci. In ka tambaye shi garinsu sai ya nuna maka ƙasar da yake tsaye a kai.

Dako ya fara yi a mina kamar kowa. A lokacin manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai a kwashi mutane a kwalekwale a kai su gindin jirgi, su hau wani tsani mai lilo, ruwa na tafasa a ƙarƙashinsu. Wata rana wani dattijo Babarbare ya kama tsanin ya ƙame, ba gaba ba baya, ma'aikatan jirgi na ta yi masa tsawa daga sama. Abdulwahid ya ajiye akwatin da ke kansa, ya warware rawaninsa, ya durƙusa ya goya tsohon nan yadda mace ke goya ɗanta, ya ɗaure tamau a ƙirji, ya haye da shi. 'Yan dako suka yi ta dariya, har wani ya ce saura ya ba shi nono. Sunan Mai Goyo daga ranar ya bi shi, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba.

Daga baya aka gina inda jirage ke jingina, amma tsani bai daina zama tsani ba, tsofaffi kuma ba su daina tsufa ba. Goyo ya zama sana'arsa. Yana da wani farin ƙyalle mai kamu goma da matarsa Madina ke wanke masa kullum, da wani buhu mai laushi da yake shimfiɗawa a bayansa in tsohuwa zai ɗauka. Kafin ya durƙusa sai ya ce, "Hajiya, yau ke ummina ce, ki rufe ido ki yi salati." Ya goyi Bahaushe, ya goyi Bafillace, ya goyi mutanen Jawa da na Hindu waɗanda ko gaisuwarsu bai iya ba. An yi masa amai a wuya, an yi masa abin da ya fi amai. Wanda ya ba shi ya karɓa, wanda bai da shi ya ce masa a yi masa addu'a in an isa. A damtsensa akwai lambar tagulla ta 'yan dakon cikin tasha, kullum a goge take.

A shekarar 1969 aka ba wani sabon ɗan kwangila aikin dakon tashar. Sarki goma zamani goma, ba mu ƙi ba. Amma abin da mutumin ya fara yi shi ne tara lambobin nan gaba ɗaya, ya ce ba zai mayar wa kowa ba sai mai fasfo da iƙama, takardar zama. Abdulwahid wane fasfo zai kawo? Ƙasar da aka haife shi ta ce ya kawo shaidar ubansa, ƙasar ubansa ba ta san an yi shi ba. Mutumin da duk ma'aikatan jirage suka san shi da suna, aka wayi gari wai ba a san ko shi wane ne ba. Ya koma dako a wajen shinge, daga mota zuwa bakin ƙofa, nan zai sauke ya juya.

Wanda aka ɗora a kan ƙofar kuwa Abdulghaffar ne, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Bahaushen Sudan ne, daga Gadarif. Shekara tara kafin wannan ya sauka a tashar da mahaifinsa wanda rabin jikinsa ya shanye. Abdulwahid ne ya sauko da tsohon a bayansa, ya kai su Hindawiyya, ya ba su ɗaki wata uku, ya kuma riƙo hannun Abdulghaffar ya kawo shi mina aka ɗauke shi aiki. Shi yana da takardu, ya iya karatu, sai aka ba shi hula da usur da littafi. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na ga wanda ya faɗi, aka kuma taka shi.

Ita Inna A'i akwai abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Ranar da suka bar gida ta bar 'yarta ta fari a hannun kakarta, yarinyar ba a daɗe da yaye ta ba, da cewa shekara biyu za su yi su dawo. Shekara hamsin da biyu ke nan. A hajjin wannan shekarar wata Hajiya Saudatu daga garinsu ta yi ta cigiya har ta gano gidan, ta ce 'yar tana raye, ta yi jikoki, kuma saƙonta ɗaya ne: in uwarta na da rai, tana so ta ga fuskarta. Maƙwabta suka yi caa, wai mutane na roƙon Allah ya kashe su a ƙasa mai tsarki, ita za ta ɗauki ƙafa ta fita. Inna A'i ta ce, "Ƙasa ba ta kira ni ba, 'yata ce ta kira ni."

Abdulwahid bai iya bin ta ba, don marar takarda in ya fita ya fita ke nan, ga matarsa Madina da yara huɗu. Ya yi ta zirga-zirga har aka yi wa tsohuwar takardar komawa, ya sayar da abin da zai sayar ya yankar mata tikiti zuwa Bur Sudan, daga can Hajiya Saudatu za ta riƙe ta a jirgin ƙasa da mota har gida. Jirgin ruwan shi ne na ƙarshe da zai kwashi alhazan yamma a shekarar. In ya tafi ya bar ta sai baɗi, ita kuwa gwiwoyinta sun riga sun ƙare, idonta ma hazo ya fara rufe shi. Kowa ya san ba ta da wata baɗin da za ta jira.

Jirgin wani fari ne ƙato, wanda a da Turawa ke hawa yawon shaƙatawa, har da kwamin wanka a samansa. Da ya tsufa aka yi hayarsa yana jigilar alhazai. Tsani biyu aka kafa masa. Na gaba mai faɗi ne, da darduma da rumfa, na masu ɗakunan sama. Na baya na ƙarfe ne, siriri, a miƙe kamar na hawa soro, mutum ɗaya yake ɗauka, shi ne na talakawan da za su kwana a fili. Maza aka fara lodawa tun da hantsi. Da aka zo kan mata rana ta take, duk masu lamba kuma an tura su tsanin gaba suna ta hawa da firji da rediyo da naɗaɗɗun dardumai na wasu attajirai.

Abdulwahid ya goyo uwarsa daga mota har bakin ƙofa. Ina tsaye, don ni na ɗinke mata buhunta. Abdulghaffar ya miƙa hannu ya tare hanya.

"Ya ammi, nan ne iyakarka. Mamnu', an hana."

"Na sani," in ji Abdulwahid. "Ummi ce. In kai ta sama in sauko, ko minti biyar ba zan yi ba. Riƙe takalmina in kana so."

"Ba ka da lamba."

"To kira mini mai lamba ɗaya."

"Duk suna tsanin gaba, wajen 'yan daraja ta ɗaya. Mudir na kallo, ya ammi, kada ka jawo mini. Wanda ya shiga ba lamba ni za a kora."

Na sa baki na ce, "Abdulghaffar, ranar da aka sauko da mahaifinka daga jirgi, lamba ce ta ɗauko shi ko bayan mutum?"

Bai dube ni ba. Ya buɗe littafinsa yana jujjuya shafi kamar amsar na ciki. Ban ce ba ya tsoron a kore shi ba, yana tsoro, shi ma yana da iyali. Amma mudirin nasa, wato manajansu, yana can ƙarƙashin rumfa yana shan shayi da attajirai, taku talatin ne tsakani. Ko zuwa ya yi ya roƙa aka hana shi, da yau ban kira shi butulu ba. Bai je ba.

Sai ga wani ma'aikacin jirgin ya iso da takardar sunaye. Ya dubi tsohuwar a goye, ya ce da Larabci ƙa'idar jirgi ita ce fasinjan da ba zai iya hawa da ƙafarsa ba, kuma ba ɗan dako mai izini, ba za a ɗauke shi ba. Ya ɗora alƙalami a kan sunanta yana jira. Na ga jijiyar wuyan Abdulwahid ta tashi. Da ya ga dama da hannu ɗaya zai kawar da su biyun, kuma wallahi a raina na so ya yi. Amma marar takarda in ya ɗaga hannu a mina ba gida zai kwana ba, ita kuma tafiyarta ta lalace.

Inna A'i ce ta dafa kansa. "Sauke ni, Wahidu."

"Ya ummi, ba za ki iya ba."

"Da ƙafar nan na zo daga Katagum. Kwance ƙyallen."

Ya durƙusa ya kwance. Ta tsaya da ƙyar, ta riƙe ƙarfen ƙofa. Ya buɗe baki zai yi mata sallama, Abdulghaffar ya busa usur ya ce, "Yalla, yalla, layi na jira," matan baya suka turo, aka shige da ita. Ko hannunta bai samu ya riƙe ba, balle ya nemi gafara. Uwa da ɗa da suka san ba za su sake ganin juna ba, rabuwarsu ke nan.

Hajiya Saudatu ta bi bayanta da ƙunshi a ka, hannu ɗaya a ƙugun tsohuwar. Matakala huɗu Inna A'i ta hau a tsaye. A ta biyar gwiwa ta ƙi, sai ta duƙa ta kama ƙarfen da rana ta gasa, ta ci gaba da rarrafe. Takalminta ɗaya ya zame ya faɗa ruwa. Mayafinta ya sauka, furfurarta a waje, a gaban maza fiye da ɗari. A tsanin gaba kuwa ƙarti huɗu ne ke tallabe da firji ɗaya, wani na biyar na tafe yana ce musu a hankali kada ya ƙuje. Na zagi mutane a ranar, ban ɓoye ba, na zagi ɗan kwangila da mudir da mai usur, ba wanda ya ko waiwayo.

Abdulwahid bai zagi kowa ba. Ya saƙale yatsunsa a wayar shinge yana kallo, duk matakalar da ta hau sai in ji ya ce "Bismillah" ƙasa-ƙasa. Sau biyu ta tsaya ta kifa goshi a kan ƙarfe, sau biyu ma'aikacin ya ɗaga alƙalami. Ba ta sauko ba. Da ta kai sama wasu mata suka kama ta suka miƙar da ita, 'yan dakon waje da ke tsaye tare da mu suka sauke ajiyar zuciya.

Ta sa aka juyo da ita ta fuskanci tasha. Ta riƙe ƙarfen gefen jirgi da hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan tana yi wa ɗanta bankwana. Sai dai idon bai kai ba. Can gefen hagu take ɗaga wa hannu, inda ba kowa sai tarin buhunan siminti a wajen shinge. Abdulwahid ya kira ta, ƙarar injin ta cinye muryar. Sai ya saki shingen ya ruga, mutum mai shekara arba'in da huɗu, yana ture amalanke yana tsallake kaya, har ya isa wajen simintin. Ya haye kan buhunan ya tsaya daidai inda hannunta ke nunawa, ya ɗaga nasa hannuwan biyu. Yana nan tsaye har aka janye tsani.