Madam Ramatu da ƙoƙon Balkisa

Madam Ramatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina bakin ƙofar lakwal ina jiran yara su shige aji. Ɗanta ne ya kira ni daga Madawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga aji, na ɗauki alli.

Waɗanda suka yi kwaleji a Buza cikin shekarun casa'in sun san ta, ita ke koyar da ilimin halittu. Ni kuwa sabon mushe ne, wato malamin makaranta, ɗan Allakaye, ko tsayuwa gaban aji ban iya ba. Sai ta raɓe bayan taga tana saurare na. In an tashi ta ja ni gefe, ta ce, "Ƙanena, ka san abin, amma da allo kake magana. Juyo ka dubi yaran."

Har yau in na juya wa aji baya, muryarta nake ji.

Lokacin nan ne kayan roba suka cika kasuwanninmu, ja da kore da shuɗi. Ranar sunan ɗiyata ta fari, Balkisa, mata suka tara wa maiɗakina Zuwera robobi har kusa da rufin ɗaki. Madam ta zo da ɗan ƙulli a zane. Aka kwance, sai ga ƙoƙo da ludayi na duma.

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Madam guda, da albashi, ƙwarya kika kawo? Ko wanga wata ma ba a biya ku ba?"

Ta ce, "Ku yi dariyarku. Da abin da anka yi takalminki, da shi anka yi kofin ga. Ni ɗiyata ba ta shan kunu cikin takalmi."

Tana da aminiya, wata nas Kirista a asibitin mishan, mai ba ta aron mujallun Faransanci. A can ta karanta cewa masana sun fara zargin roba. Ta bayyana mini da Hausa yadda ko ɗan aji ɗaya zai gane. Jiki na da saƙonni da yake aikawa cikin jini, su ke cewa a girma, a tsaya, a yi barci, su ke kuma tada garkuwar jiki in cuta ta shigo. To, akwai sinadarai cikin roba da zafi da mai ke fiddowa su shiga abinci. In sun shiga jiki sai su yi kama da waɗannan saƙonni. Masu tsaron jiki su rikice: wani sa'in su yi kwance cuta na shiga, wani sa'in su far wa jikin da suke tsaro, a ga ƙuraje ko sarƙewar numfashi. Jariri kuwa, tsaron nasa bai gama ginuwa ba.

Zuwera ta ji maganar. Da ƙoƙon nan take ba Balkisa kunu.

Sai yaye ya zo. Kamar yadda aka saba, muka kai yarinya Allakaye wajen mahaifiyata, Inna. Ƙoƙon ya tsaya Buza, don ba a kai wa kaka kwanon cin jika, kamar an ce ba ta da shi ne.

Ba a jima ba saƙo ya fara zuwa. Zawo, ya lafa sai tari, tari ya tafi sai ƙuraje. Na je na ga Balkisa, wuyanta ya zama siriri, idanu sun faɗa. Inna ta ce ciwon yaye ne, kowane ɗa na yin shi. Ni kuwa da wane baki zan ce wa wadda ta yaye ni ta ba ni ɗiyata in tafi da ita? A wurinmu sai kaka ta maido da jika da kanta. Zuwera ta daina cin abinci.

Madam ta ce, "Kai ɗa ne, ba ka iyawa. Ni baƙuwa ce. Ranar kasuwa mu tahi tare."

Bisa buhunan hatsi ta zauna a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da zanenta mai kyau, duwatsun hanya na jijjiga mu.

Mun iske Inna tana hura wuta da guntun leda, baƙin hayaƙi na tashi, Balkisa kwance a tabarma kusa da murhu. Kunu na tafasa Inna ta juye shi cikin wani jan kofin roba da take ji da shi, tsarabar da aka kawo mata daga Ƙonni.

Madam ta durƙusa ta gaishe ta, ta sha hura, ta yabi gumba. Sannan ta kawo maganar ƙwarya.

Inna ta ce, "Ikon Allah! Mu munka gaji da ɗunkin ƙwarya, Allah ya kawo muna sauƙi, ke da kinka yi lakwal ce za ki maida mu baya?"

Madam ba ta yi gardama ba. Ta jira aka juye kunun daga kofin, ta ɗauke shi ta karkata shi ga rana.

"Inna, da anka kawo shi, ciki ma ja ne?"

"Jawur, ciki da baya."

"To duba cikin yanzu."

Ciki ya koɗe, ya yi fari-fari, duk ya kakkarce.

"Inna, in zane ya zuba, cikin ruwan wanki launin ke tahiya. Wanga jan, ina ya tahi?"

Inna ta dubi kofin. Ta dubi jikanyarta. 

Madam ta fiddo ƙoƙon daga jakarta, ashe ta karɓo shi wajen Zuwera. Ta ce, "Amma Inna, ƙwarya ba magani ba ce. A wanke ta a shanya, shi ke nan aikinta. Magani na likita. Ki goya ta da kanki mu tahi, kada a ce an karɓe miki jika."

Inna ce ta goya Balkisa har asibitin mishan. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta magani, ta tashi. Ba zan ce muku roba ce ta kwantar da ita ba, Madam ma ba ta taɓa cewa haka ba. Abin da take cewa shi ne, yaron da ke faɗa da cuta, kada a ƙara masa da abin da zai rikita masu tsaronsa. Jan kofin dai ya koma na ɗiban tsaba ga kaji.

Ganina da ita na ƙarshe a Madawa ne, bayan girbi. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, amma bakin na nan. Na gaya mata Balkisa na da ciki. Ta tafa hannu, ta ce, "Na sa a samo mini ƙoƙo kasuwar Tabotaki. Ni zan kai shi suna, in ji ko matan yanzu ma na da dariya."

Balkisa ta sauka lafiya. Ranar suna cikin makon nan ce.

Ɗan Madam ya ce ƙoƙon na nan a ƙulle cikin zane kusa da gadonta, da ludayinsa. Zan je gaisuwa, in taho da shi. Ni zan kwance ƙullin gaban mata, amma amsar da Madam za ta ba su in sun yi dariya, ba ni da ita.

Allah ya jiƙan Madam Ramatu, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Yadda ta tsaya wa ɗiyan mutane, Allah ya tsaya wa nata.

Ɗalibanta na Buza, da ku da ba ku san ta ba, don Allah ku sa ta a addu'a yau.