Rijiyar da ke tsakanin Jidda da Madina

A Tsohon Birnin Gwari babu wanda bai san Nababa mai zuma ba. Amyoyinsa na rataye a bishiyoyi tun daga bakin daji har hanyar Randagi, kuma ƙudan zuma sun fi mu samun fara'arsa. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya, amma sai da na yi furfura na fahimci abin da ke cin mutumin nan.

Tun zamanin Turawa ya tafi Makka a ƙafa, shi da ƙanensa Auta. Shekaru suka yi a hanya, suna ƙwadago a gonakin Sudan, kafin suka haye teku. Bayan aikin hajji, a hanyar Madina daga Jidda, zazzaɓi ya kayar da Auta a bakin wata rijiya. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya. Mai rijiyar ya ce a bar masa shi, a ɗauke shi a dawowa. Da aka tashi dawowa, madugu ya bi wata hanyar daban.

Nababa ya iso gida shi kaɗai. Dangi suka ce a yi sadaka, ya hana, wai waye ya ga gawa? A wurinsa Auta na can bakin rijiya, ya warke, yana jiran wani ɗan gida ya wuce. Wani lokaci da rana tsaka, yana bisa bishiya yana duba amya, sai ya ji tarin Auta a ƙasa. Ya sha gaya mini haka ba ko murmushi.

Duk shekara idan alhazai suka dawo, jama'a kan cika gidajensu don dabino da kurɓin zamzam. Nababa shi ne na farko a zaure, da ƙwaryar zuma. Dabinon bai dame shi ba. Tambaya ce ke kai shi: kun tsaya a rijiya? Kun ga wani mai tsage irin nawa? Alhazan mota kan ce sun tsaya wurare da yawa, ba su lura ba. Wannan ma ya ishe shi ya kai wata shekarar. Masu yi masa dariya a bayan ido kuwa, har yau haushinsu nake ji.

Bayan yaƙin basasa Furera, 'yar wansa, ta sauke farali tare da mijinta. Nababa ya yi murna, a ganinsa jini ba zai wuce jini ba. Ya je ya zauna, ya yi tambayarsa.

Furera ta yi ta kame-kame, daga bisani ta faɗi gaskiya. Ba su bi ƙasa ba, jirgi suka hau daga Jidda. Tafiyar da ta karya Auta, ta ce, ko tuwo ba a gama tuƙawa ba suka sauka Madina. Mijin ya ƙara da cewa an gaya musu mil ɗari biyu ne da ɗoriya, kuma nan gaba kowa ta sama zai riƙa bi. Ya faɗa da alfahari, bai san fatan Nababa ya yanke ba.

 Nababa ya tambaya ko jirgin na da taga. Furera ta ce akwai, kusa da ita ma, amma tsoro ya sa ta rufe ido tun tashinsu.

"Da kin leƙa ƙasa, 'yata," in ji shi a hankali. "Dogo ne, ba ya ɓuya."