Ƙwaron da Ya Gudu Ranar Sunansa

Yau na halarci sunan da jariri ya tsere.

Da hantsi abokina Malam Bitrus, malamin kimiyya a makarantarmu, ya faka Besfarsa a ƙofar gidanmu a unguwar Shehuri, riƙe da 'yar kwalba. Ƙwaro ne a ciki, guda ɗaya tak, ya kamo shi a damshin bakin kogin Ngadda. Bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baƙi ne, da ɗigon fari a fiffike, idanu ƙwala-ƙwala.

Ya buɗe murfin ya ce, "Malam, babu irinsa a littafi. Kai ne ka iya zane, zana min shi, in aika jami'a a raɗa masa suna."

Mahaifiyata tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Allurar hannunka fa, Bitrus?"

"Iya, sai an kashe shi an soke, sannan masana su yarda."

Ta ce, "Ikon Allah. Mu ranar suna rago muke yankawa. Ku jaririn kuke yankawa?"

Bitrus ya dubi allurar hannunsa. Kafin ya mayar da murfin, ƙwaron ya daka tsalle ya ɓace a gindin randa.

Har Bitrus ya tafi, ba wanda ya tashi neman ƙwaron.